Jimillar Alƙaluma a Lambobi Marasa Rabuwa

Lamba marar rabuwa ita ce wadda babu abin da yake raba ta daidai, ba saura, sai 1 da ita kanta. Ga wasu daga cikinsu a jere: 11, 13, 17, 19, 23, 29, 31, 37. Ɗauki fensir ka tara alƙaluman kowace ɗaya. A 11, 1 da 1 sun ba da 2. A 29 kuwa, 2 da 9 sun ba da 11. Idan ka gama, za ka sami 2, 4, 8, 10, 5, 11, 4, 10.

Da farko za ka ga kamar babu wani tsari, amma duba da kyau. Babu 3, babu 6, babu 9, kuma ba za ka taɓa samun su ba, in ban da a lamba 3 ita kanta. Dalili shi ne, duk lambar da jimillar alƙalumanta take rabuwa da 3, to ita ma tana rabuwa da 3, saboda haka ta fita daga wannan jeri.

Ga tambayar da ta fi daɗi: shin maƙwabta biyu a jerin za su iya samun jimilla iri ɗaya? Za su iya, sai dai da sharaɗi. Idan ka raba lamba da 9, saurar da za ta bari ita ce saurar da jimillar alƙalumanta take bari, domin 10 tara ce da ɗaya, 100 kuma 99 ce da ɗaya. Ke nan idan jimilla ta zo ɗaya, dole tazarar da ke tsakanin lambobin biyu ta rabu da 9. Dukansu kuma mara ne, ba cika ba, don haka tazarar tana rabuwa da 2. Mafi ƙarancin tazarar da ta cika sharuɗɗan nan biyu ita ce 18.

Kada ka wahalar da kanka da nema a ƙananan lambobi. Ba a samun tazarar 18 tsakanin maƙwabta sai an kai 523 da 541. Tara alƙalumansu ka gani: 5, 2 da 3 sun ba da 10, haka nan 5, 4 da 1.

Akwai abin da ya fi wannan wuya nesa. A shekarar 2010, masana lissafi biyu na ƙasar Faransa, Mauduit da Rivat, sun wallafa hujjar cewa idan jerin ya yi tsawo sosai, kusan rabin jimillolin cika ne, rabi kuma mara. Tun 1968 aka yi tambayar.