Jijiyoyin Ƙafa Da Aikinsu

Kai mai karatu, miƙe ƙafarka, ka motsa babban yatsanka. Ga shi can nesa da kanka, amma da ka yi nufi sai ya motsa. To, bari mu duba yadda saƙo ke kai wa gare shi.

Da Hausa abu uku muke kira jijiya, alhali kuwa aikinsu dabam dabam ne. Akwai jijiyar jini, watau hanyar da jini ke bi. Akwai jijiya mai tauri wadda ke ɗaure tsoka ga ƙashi, kamar agara. Ta uku fara ce, mai taushi, tana fitowa daga laka, ita ce mai kai saƙo tsakanin ƙwaƙwalwa da gaɓoɓi. In ka tsaya wurin mahauci yana fiɗa, ka iya ganin dukansu. Wannan ta ukun ita ce mutane ba su sani ba, ita ce kuwa ta fi saurin lalacewa.

Amma mu fara da ƙashi. Na cinya shi ne mafi tsawo cikin jiki duka. Kansa dunƙulalle ne, ya shige cikin wani rami a kwatangwalo kamar taɓarya a turmi, shi ya sa cinya ke juyawa ko ta ina. Gwiwa ba haka take ba, buɗewa da rufewa ne aikinta, kamar ƙyaure. Ƙasa da ita akwai ƙasusuwa biyu, babba na ƙwabri da wani siriri ta waje. Daga idon sawu zuwa yatsu kuwa ƙasusuwa 26 ne.

Ƙashi ba ya motsa kansa, sai tsoka ta ja shi. Tsoka kuwa ja kaɗai ta iya, ba ta turawa, saboda haka ko wace gaɓa tana da masu ja ta gaba da masu ja ta baya. Tsokoki 4 na gaban cinya su ke miƙe gwiwa, 3 na baya su ke lanƙwasa ta. Na sha-raɓa su ke jan agara, diddige ya tashi, ka yi tafiya. Duk da ƙarfin nan nasu, in saƙo bai zo ba, ba su yin kome.

To, ga babbar jijiyar saƙo ta ƙafa. Babu wadda ta kai ta girma cikin jiki, kaurinta ya yi kamar babban yatsan hannu. Tana fitowa daga ƙasan ƙashin baya, ta ratsa cikin ɗuwawu, ta gangara ta bayan cinya. Kafin ta kai bayan gwiwa sai ta rabu biyu. Ɗaya ta bi sha-raɓa har tafin ƙafa. Ɗayar ta kewaya ta waje, ta bi kan siririn ƙashin nan dab da gwiwa, inda ba abin da ya rufe ta sai fata. Ita ce ke sa ka ɗaga gaban ƙafarka in kana tafiya. In ka daɗe zaune ka harɗe ƙafafu, ƙafa ta mutu, sa'an nan ka ji kamar ana tsira maka ƙaya, jijiya ce ka danne.

Sanin hanyar nan yana da amfani ƙwarai. Mai ɗaukar kaya ya kan ji zafi yana sauka tun daga ɗuwawu har diddige, ya yi ta shafa magani a sha-raɓa a banza, gama ciwon a baya yake, inda aka matse tushen jijiyar. In kuwa ƙafafu biyu suka mutu, fitsari kuma ya ƙi fita ko ya ƙi tsayawa, a kai shi asibiti a ranar, kada a kwana.

Maɗori kuma ya kula da ɗauri kusa da gwiwa. In kara ya danne jijiyar nan ta waje, ƙashi ya iya haɗewa lafiya lau, amma mutum ya tashi yana jan ƙafa.

Abin da ya fi ban tausayi shi ne allura. Ma'aikacin asibiti ya kan raba ɗuwawu kashi huɗu a zuciyarsa, ya soka a kashin sama na waje, domin jijiyar ba ta bi ta nan ba. Wanda bai koya ba sai ya soka a tsakiya, inda ya ga nama ya fi yawa, nan kuwa take kwance. Yaro ne ya fi shiga hatsari, gama namansa kaɗan ne, shi ya sa a kan yi wa jariri allura a gefen cinya. In bayan allura yaronka ya kasa ɗaga gaban ƙafa, kai shi wurin likita da wuri. Jijiya ta kan sake tsirowa, amma a hankali, wajen inci 1 a wata, kuma sai an riƙa motsa masa idon sawu kullum kada gaɓar ta sandare kafin saƙo ya komo.