Motarka na harbi ko ƙwas-ƙwas? Lura da lokacin da take yi

Duk wanda ya taɓa zama a inuwar gareji ya san wannan hira. Mai mota ya fito ya ce, "Maigida, wata ƙara take yi." Bakanike ya ce, "Daga ina?" Ya ce, "Wallahi kamar daga ƙasa-ƙasa." Shi ke nan an shiga lalube. Yau a canza fulogi, gobe shokazoba, jibi a tura yaro kasuwar Ƙofar Ruwa ya nemo shaf ɗan Beljiyam, ƙara kuwa tana nan daram.

Kunne yana yaudarar direba, domin ƙarfe yana kai sauti nesa, abin da ya buga a gaba sai ka rantse a baya ne. Tambayar da ta fi amfani ita ce yaushe ƙarar ke zuwa, kuma mai tuƙa motar kullum shi kaɗai ke da amsarta.

Fara da raba inji da ƙafa. Ka tsaya cak, giya a firi, ka taka totur ka saki. In ƙarar ta zo mota na tsaye, ka wanke tayoyi da abin da ke riƙe da su daga zargi.

Harbin inji iri biyu ne. Wanda aka fi ji shi ne "tas-tas" daga salansa. Injin fetur yana son kusan awo 14.7 na iska kan awo ɗaya na mai, sannan fulogi ya ba da wuta a daidai lokaci. In fulogi ya gaji, ko koyil ya fara mutuwa, man da bai ƙone ba sai ya sulale cikin salansa mai zafi ya kama a can. Haka nan in salansa ta huje kusa da inji, tana zuƙo iska, sai ka ji tatsatsa duk sanda ka ɗage ƙafa daga totur a gangara. Na biyu shi ne "fau" daga ƙarƙashin bonet, ta wajen da iska ke shiga, kamar inji ya yi atishawa. Wannan yawanci ƙarancin mai ne, ko famfo ya yi rauni, ko nozul ya toshe, ko kuma lokacin wuta ya goce. A tsofaffin motoci masu wayoyin fulogi, in harbin ya fara ne bayan an taɓa inji, a duba ko yaron gareji ya sauya wa wayoyi gurbi: mafi yawan injuna masu silinda huɗu suna tashi ne a jerin 1-3-4-2.

Nan ne nake ganin muna cutar kanmu. Tun daga 1996 kusan duk sabuwar motar da aka sayar a Amurka tana da soket mai ƙofa 16 a ƙasan sitiyari, inda ake jona na'urar bincike. A kan na'urar, lamba P0300 tana nufin inji na fashin wuta nan da can, P0302 kuwa ta nuna silinda ta biyu kai tsaye. Amma sai ka ga an liƙa wa fitilar gargaɗin inji baƙin salatif don kada ta dami ido. Fitilar nan in tana ƙiftawa, ɗanyen mai ne ke dafa tukunyar tace hayaƙi, wadda makanikai ke kira indomi, kuma kuɗinta ya ninka na fulogi sau da yawa.

In kuwa sai mota na tafiya take ƙara, nemi fili, ka karya sitiyari har ƙarshe, ka zagaya a hankali. "Ƙas-ƙas-ƙas" a jere, mai ƙaruwa in ka ƙara wuta, kan shaf ne na wajen taya. Leƙa bayan tayar. Za ka iske robar da ke rufe shi ta yage, baƙin giris ya fantsama jikin wili, yashi ya shige ciki yana niƙa. Da an ga yagewar da wuri, roba da giris kawai za a saya.

"Ƙwas" guda ɗaya a rami ko gargada wani zance ne daban. Sau da yawa ƙaramin sandan ƙarfen da ke hana mota tangaɗi ne, ko robobin ƙafa, waɗanda ba sa hana ka isa gida. Sai dai boljoyin ma haka yake kuka, shi kuwa ba a yi masa jinkiri. Motocin da kake gani a bakin titi taya ɗaya ta lanƙwashe ƙarƙashinsu kamar raƙumi ya durƙusa, yawanci shi ne ya fita. A ɗaga motar da jak, a kama taya sama da ƙasa a girgiza, a sa ƙarfe a ɗan ɓamɓara. In akwai wasa, kada a hau babbar hanya da ita.

Akwai kuma ƙarar da ba ta cancanci kuɗin ko shayi ba. Tsakuwa a tsagin taya tana "tak-tak" daidai da gudun mota, sukundireba ya ishe ta. Wadda ake ji kuwa bayan an kashe inji, "tik… tik…" tana raguwa a hankali, salansa ce ke hucewa.