Lada ko la'ada: Darasin amanar kuɗi ga ƙungiyoyin saukar baƙi

A garuruwa irin su Kazaure, Roni, Gwiwa da Babura, zaure ya daɗe yana zama masaukin wanda dare ya yi masa a hanya. Akan shimfiɗa masa tabarma, a kawo ruwa da tuwon dare, ba tare da an nemi ko sisi daga gare shi ba. Yau al'adar ta shiga wayar salula. Ƙungiyoyin 'yan gari ɗaya da na tsofaffin ɗalibai kan yi amfani da WhatsApp wajen sama wa juna masauki, ko ɗalibi ne mai zuwa Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Hussaini Adamu da ke Kazaure, ko ɗan kasuwa mai sauka Legas, ko mai jinya a Kano.

Irin wannan zumunci yakan tafi lami lafiya har zuwa ranar da aka fara tara gudummawa. Daga nan sai tambayoyi su ɓullo: nawa aka tara, a hannun wa suke, kuma me ya sa wasu ke aikin kyauta alhali wasu na karɓar ihsani? Abin da ya faru da manyan shafukan saukar baƙi na duniya ya nuna cewa waɗannan tambayoyi na iya tarwatsa abin da aka shekara goma ana ginawa.

Labarin Couchsurfing

Shafin Couchsurfing ya fara aiki a 2004, bayan wani Ba'amurke mai suna Casey Fenton ya yi masa rajista a jihar New Hampshire a matsayin ƙungiyar da ba ta neman riba. Tsarinsa mai sauƙi ne: matafiyi ya sauka a gidan wani mamba kyauta, shi ma wata rana ya sauke wani. Masu aikin sa-kai ne suka riƙe shafin. Su ke fassara shi zuwa harsuna daban-daban, su ke sasanta rigingimu, su ke shirya tarukan gari. Da rumbun bayanansa ya lalace a 2006 har Fenton ya ba da sanarwar rufewa, su ne suka taru suka sake tayar da shi.

A 2011, bayan hukumar harajin Amurka ta ƙi amincewa da shi a matsayin ƙungiyar agaji, sai aka mayar da shi kamfani mai neman riba. Ya karɓi jarin dala miliyan 7.6 a shekarar, ya ƙara dala miliyan 15 a 2012. Waɗanda suka ba da lokacinsu da kuɗinsu bisa tunanin cewa abin na kowa ne suka wayi gari ba su da hannun jari, ba su da ta cewa. A watan Mayun 2020, lokacin annobar korona, kamfanin ya sanya wa mambobi a ƙasashe da dama kuɗin shiga, har da waɗanda suka shekara suna ciyar da baƙi kyauta.

Kamfanin yana da hujjarsa, domin na'urori da ma'aikata ba sa tafiya sai da kuɗi. Abin da ya fi ɓata wa mutane rai shi ne an sauya yarjejeniya ba tare da shawararsu ba.

Akwai kuma wani tafarkin. A 2007 wasu masu aikin sa-kai da suka bar shafin Hospitality Club na ƙasar Jamus, saboda saɓani kan shugabanci da rashin bayyana yadda ake tafiyar da al'amura, suka kafa BeWelcome a ƙarƙashin wata ƙungiya mai rajista a Faransa. Mambobi ke zaɓen shugabanni a babban taron shekara, ana wallafa rahoton kuɗi, kuma da gudummawa ake tafiyar da shi. Bai kai Couchsurfing yawan jama'a ba, amma har yanzu ba a biyan kuɗin shiga.

Yadda fatoma ya warware matsalar

Hausawa sun daɗe da samun tasu amsar a harkar fatauci. Fatoma ko maigida yakan sauke baƙon ɗan kasuwa, ya ciyar da shi, ya adana masa kaya, ya haɗa shi da dillali. Masanin nan Abner Cohen, wanda ya yi bincike a unguwar Sabo ta Ibadan a farkon shekarun 1960 kuma ya wallafa sakamakonsa a 1969, ya bayyana yadda masu gida ke riƙe da cinikin shanu da goro tsakanin Arewa da Kudu. Baƙo ba ya biyan kuɗin ɗaki, amma kowa ya san maigida na samun la'ada a kan ciniki. Idan kuma mahaucin da aka ba shanu bashi ya gaza biya, maigida ne ke ɗaukar nauyi. Kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski.

Sirrin ɗorewar tsarin shi ne babu abin da ke ɓoye. Mai zaure yana sauke baƙo don neman lada, fatoma kuma don la'ada, kuma babu wanda ke zargin ɗayansu. Rigima takan taso ne idan an nemi wasu su yi aiki don lada, sannan wani ya zagaya yana karɓar la'ada a kan guminsu.

Abin da ƙungiya za ta tanada

Na farko shi ne asusu. Kuɗin jama'a bai kamata su zauna a asusun mutum ɗaya ba, komai amanarsa, domin ko bai ci ba, rashin lafiya ko rasuwa na iya jefa su cikin rikicin gado. Asusu da sunan ƙungiya mai sa hannun mutum biyu ko uku, da bayanin shiga da fita da ake gabatarwa duk wata, kariya ce ga ma'aji kafin kowa.

Na biyu shi ne rubuta abin da ake biya da wanda ba a biya. Wanda ya ƙona mai zuwa tasha ɗauko baƙo ya cancanci a mayar masa da kuɗinsa. Haka kuma a tuna da waɗanda sunansu ba ya fitowa a jerin godiya: uwargidan da ta ƙara sanwa, da saurayin da ya bar ɗakinsa ya kwana a shago. Idan za a ba wani albashi, a yanke shawarar a gaban kowa.

Na uku shi ne mallaka. Dokar kamfanoni ta 2020 da aka fi sani da CAMA ta tanadi yadda ƙungiya za ta yi rajistar amintattunta a Hukumar Rajistar Kamfanoni ta Ƙasa. Dokar ta hana raba wa mambobi kuɗin ƙungiya a matsayin riba, ta wajabta miƙa rahoton shekara, kuma idan ƙungiyar ta rushe, abin da ya rage na dukiyarta zai koma ga wata mai irin manufarta. Wannan ne ke toshe ƙofar da wani zai bi ya mayar da aikin jama'a kamfaninsa.

Mutane da yawa kan ji nauyin tambayar lissafi, don kada a ce ba su yarda da ɗan'uwa ba. Sai dai mafi tsawon aya a Alƙur'ani, a cikin Suratul Baƙara, umarni ce da a rubuta bashi a kafa shaidu, kuma muminai aka yi wa umarnin. Ƙungiyar da ta rubuta ƙa'idarta tun asusunta bai wuce kuɗin goro ba, ita ce za ta sami masu buɗe wa baƙo zaure ranar da miliyoyi suka shigo.