Reshen Gwaji: Manhajar da Ba Ta Jiran Wanda Ya Makara

Wanda ya ƙetare gadar Binuwai daga Jimeta, ya ratsa Vinikilang ya miƙe hanyar Girei, zai iske Jami'ar Modibbo Adama, wadda aka kafa a 1981 a matsayin jami'ar fasaha ta tarayya. Daga irin waɗannan ajujuwa ma'aikatu ke samun masu kula da kwamfutocinsu. Abin da ya wajaba matasan su fito da shi har da sanin cewa babbar manhajar da ke tafiyar da kwamfuta tana da reshe fiye da ɗaya.

A ɗauki Debian, tsohon nau'in Linux da aka soma a 1993. Tabbataccen reshensa kan fito kusan duk bayan shekara biyu. Debian 13 ya fito ranar 9 ga Agusta, 2025. Reshen da ba tabbatacce ba kuwa, mai suna Sid, ba ya zama wuri ɗaya, domin sau huɗu a rana ake sabunta rumbunsa.

A nan gizo ke saƙa. Sassan manhajar sun dogara da juna, don haka wanda ya yi wata uku bai sabunta ba zai tarar gyare-gyare sun taru masa jibgi guda, idan abu ya lalace kuma bai san wanne ne ya jawo ba. Masu bin reshen sukan sabunta kaɗan-kaɗan a kai a kai, su karanta sanarwar masu gyara tukuna, su ajiye kwafin bayanansu a gefe.

A Vinikilang wannan ladabi yana da tsada. A Janairun 2025 Hukumar Sadarwa ta Ƙasa ta amince da ƙarin kashi 50 cikin ɗari a kuɗin kira da data. Ɗaukewar wuta ana tsakar sabuntawa kuma na iya barin kwamfuta ta ƙi tashi.

Duk da haka, aikin ba wasan ɗalibai ba ne. Ranar 19 ga Yuli, 2024, gyara ɗaya mai kuskure daga kamfanin CrowdStrike ya durƙusar da kwamfutoci kimanin miliyan 8.5 masu amfani da Windows, a ƙiyasin Microsoft, har jirage suka kasa tashi. Ofishin da ya ware kwamfuta ɗaya don gwada kowane gyara kafin ya isa teburin ma'aikata ya yi dabara. Amma wadda ke riƙe da jadawalin albashi, ko kusa kada reshen gwaji ya taɓa ta.