Amsoshin Wasiƙunku: Wane aiki ake koyo a ɗakin gwajin ƙwayoyin halitta?

Wasiƙarmu ta wannan mako ta fito ne daga wani manomi a Kebbe, wanda yake kai wake da gero kasuwar Tambuwal. Ya ce 'yarsa tana karatun kimiyya a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato, to ga shi an ce za ta yi wata 6 a ɗakin gwaje-gwaje inda ake binciken ƙwayoyin halitta. Shi ne yake tambaya: wane irin aiki ne wannan, akwai albashi, kuma ba za ta kwaso wata cuta ba?

To Malam, mun gode da wasiƙarka. Da fari dai, wannan ba ɗaukar aiki ba ne, koyon sanin makamar aiki ne, kamar yadda yaron maƙeri yake fara da zuga kafin a ba shi masaba. Shirin ana kiransa SIWES, hukumar ITF ce ta kafa shi a 1973, kuma yana cikin sharuɗɗan gama karatu. Akan ba da ɗan alawus, amma kada ka sa rai da shi wajen kuɗin mota da abinci. Gara ka tanadar mata guzuri.

Sai batun aikin kansa. Jikin mutum da na dabba da na tsiro duk an gina su ne da 'yan mitsi-mitsin ƙwayoyi waɗanda ido ba ya gani. A cikinsu akwai wani abu kamar zare, ana ce masa DNA. Shi ne yake ɗauke da gado, shi ya sa ɗa ke kama da ubansa, jan wake kuma ke haifar jan wake. A 1953 ne masana a Ingila suka gano yadda zaren nan yake a murɗe.

Makonnin farko ba za a bar ta ta taɓa komai mai muhimmanci ba. Wanke kwalabe za ta yi, da haɗa ruwan sinadarai, da rubuta duk abin da ta yi a littafi. Sannan a koya mata awo da wani ɗan bututu mai kama da alƙalami. Kai da ka saba da kwano da tiya, wannan awon zai ba ka dariya: ɗigon ruwa guda a raba shi gida 50, a ɗauki kashi ɗaya. Hannu ya ɗan karkace, aikin yini ya lalace.

In hannunta ya faɗa, sai a kai ta ga na'urar PCR, wadda wani Ba'amurke, Kary Mullis, ya ƙirƙiro dabararta a 1983. Ana zuba ɗan DNA a ciki, na'urar ta yi ta ɗumama shi har kusan tafasa tana sanyayawa. Kowane zagaye sai zaren ya ninka kansa. 'Yan kasuwa ku lissafa: naira 1 in ta ninka ta zama 2, ta zama 4, ta zama 8, a zagaye na 30 ta haura biliyan ɗaya. Da haka abin da ba ya ganuwa yake yawaita har a gane ko ƙwayar wace cuta ce. Da irin wannan gwaji aka riƙa gano masu korona a 2020, kuma cibiyar CAMRET ta jami'ar Sakkwato tana cikin wuraren da suka yi aikin.

Kada ka ce abin bai shafi gona ba. Ka san tsutsar nan mai cin furen wake da huda kwansonsa. Masana a Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, Zariya, tare da abokan aikinsu na waje, sun fitar da irin wake mai suna SAMPEA 20-T a 2019. An sa masa wani ɗan yanki na gado da aka samo daga wata ƙwayar halitta ta cikin ƙasa, wanda ke kashe tsutsar in ta ci. Manomin da ke feshi sau 6 zuwa 8 sai ya koma kamar sau 2, don sauran ƙwari. Akwai masu ja da irin wannan iri, muhawarar kuwa ba ta ƙare ba, amma dai a irin ɗakin da 'yarka za ta shiga ake wannan aiki.

Batun cuta kuwa, hatsari akwai, ba za mu ɓoye maka ba, musamman in ana taɓa jini. Sai dai akwai doka: farar riga, safar hannu, rufaffen takalmi, ba ci ba sha a ciki, mayafi kuma a cusa shi cikin riga don kada ya shiga wuta ko sinadari. Mai koyo ba a barinsa da samfurin cuta mai haɗari shi kaɗai. Shawararmu, ta je asibiti a yi mata rigakafin ciwon hanta nau'in B tun yanzu, domin allura 3 ce, ta ƙarshe sai bayan wata 6. Kuma in ta zubar da wani abu ko ta soke hannu, ta gaya wa shugabanta nan take, kada kunya ta hana ta.

Da fatan Malam ya gamsu. A gai da mutanen Kebbe.