Idan Ɗan Sanda Ya Ɗaga Maka Hannu A Hanya

Duk mai bin hanyar Jos zuwa Kaduna, ko Gombe zuwa Yola, ya san ba a rasa shingen 'yan sanda. A irin wannan wuri, 'yar gardama kan kai gida ga makoki. A watan Yunin 2005, matasa shida sun rasa rayukansu a hannun 'yan sanda a Abuja, bayan an tare motarsu da dare. Sai a 2017 kotu ta yanke wa biyu daga cikinsu hukuncin kisa, amma wanda ya tafi ya tafi.

Saboda haka, ɗan'uwa, in an tsayar da kai, rage gudu ka sauka gefen titi. In dare ne, kunna fitilar cikin mota, ka ɗora hannuwanka bisa sitiyari. Ka gaisa. Kada ka kai hannu aljihu sai ka faɗi abin da za ka ɗauko. Lasisin tuƙi, takardun mota da inshora su kasance kusa. In za a bincika but, ka tsaya a wurin, idonka a kan kayanka.

Kana da hakki. Sashe na 35 na Tsarin Mulkin 1999 ya ba wanda aka kama damar yin shiru har ya ga lauya. Beli kuma kyauta ne. In an ci zalinka, riƙe sunan jami'in da wuri da lokaci, ka kai ƙara daga baya.

Durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne. Iyali na jiranka a gida. Allah ya kiyaye hanya.