Keken Rubutu Na Cikin Kwamfuta

Yara, a zamanin da, in akawu zai rubuta takarda a ofishin En'e, keken rubutu ya ke bugawa, watau tafireta. In ya kuskure baƙi ɗaya, sai ya goge, ko kuwa ya sake takarda. Yanzu kwamfuta ta gaji wannan aiki. Amma ita kaɗai ba ta iya kome, sai an sa mata manhaja. Manhajar rubutu ita ce ke shimfiɗa maka farar takarda a fuskar kwamfuta, ka rubuta, ka gyara, ka adana.

Wadda ta fi suna ita ce Microsoft Word, ta wani kamfani na Amurka. Tana da kyau ƙwarai, sai dai cikakkiyarta ta kuɗi ce. Manomin da ya sayar da masara ya sayo wa 'ya'yansa tsohuwar kwamfuta, da wuya ya sami abin biya kuma. Waɗansu su kan sa wadda aka kwafo ba da iznin masu ita ba. Wannan sata ce, sau da yawa kuwa ta kan zo da cutar kwamfuta, wadda ke lalata aikin da yaro ya yi wahalar rubutawa.

To, akwai na kyauta, kuma halal ne. Ɗaya ita ce Google Docs. Ana iya aiki da ita ko a wayar hannu, amma gidanta intanet ne, can ta ke ajiye rubutu. A nan ne ya kamata mutanen Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa su yi tunani. A watan Satumba na 2021 an rufe layukan waya a waɗannan ƙananan hukumomi uku, da waɗansu na Jihar Katsina, saboda 'yan bindiga. Aka yi watanni ba waya, ba intanet. Wanda duk aikinsa ke can, ina zai same shi? Ko a lokacin lafiya ma, intanet sai da kuɗin data.

Don haka wadda ta fi dacewa da mu ita ce mai zama cikin kwamfutar kanta. Sunanta LibreOffice, sashenta na rubutu kuwa ana ce da shi Writer. An fara ta a 2010, wata ƙungiya mai mazauni a Jamus ke kula da ita, mutane daga ƙasashe da yawa suna taimakawa. Sau ɗaya a ke bukatar intanet, ranar da za a sauko da ita. Abin daɗi kuma, masu ita sun yarda kowa ya kwafa ya ba wani. In malaminku ko yayanku ya je Funtuwa ko Malumfashi, ya sauko da ita daga shafin masu ita, ya zuba a filashi. Filashin nan guda ya ishi kwamfutocin unguwa duka.

Ga abin lura. Writer tana adana rubutu da irin nata tsari, mai suna odt. In malam da Word ya ke aiki, sai ka zaɓi docx sa'ad da za ka adana. In kuwa shagon buga takardu za ka kai, mai da shi PDF, don kada layukan su wargaje. Wutar lantarki ba ta sallama in za ta tafi, saboda haka in ka gama 'yan layuka, danna Ctrl tare da S.

Saura baƙaƙenmu masu lanƙwasa, watau ɓ da ɗ da ƙ. Kada ka bar su don gaggawa. Fada dabam, faɗa dabam. Wanda ya tafi fada gaisuwa bai tafi faɗa ba. Sunan Ƙanƙara ma yana da ƙ har biyu. A cikin Writer, buɗe Insert, ka zaɓi Special Character, za ka same su, manya da ƙanana. Waɗanda ka ɗauka sau ɗaya ta kan jera maka su a ƙasa, gobe ba sai ka sake nema ba.